Kajin Bayan Gida da Bashin Banki: Wasiƙa daga Jumum

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata shawara da ta yawaita a shafukan tattalin arziki da shirye-shiryen rediyo na Hausa, wato cewa magidancin da ke ɗauke da bashin gida ya kama kiwon kaji a bayan gidansa, domin kuɗin ƙwai su taimaka masa ya sauke bashin kafin wa'adi. Ni ma'aikaci ne mai jiran albashi, ina zaune a Jumum da ke Wadi Fatima, arewa da Makka, a gidan da banki ya saya mini kuma har yau nake biya, sannan akwai kaji a bayan gidan. Abin da nake so in faɗa shi ne lissafin bai tsaya yadda ake zana shi ba, aƙalla a wannan ƙasa, kuma akwai wani haƙƙi da ake takewa a cikin shawarar ba tare da an lura ba, wato haƙƙin matar da ke share akurkin.

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka ratsa Borno da Chadi da Sudan, suka haye teku daga Sawakin zuwa Jidda, ba su san bashin banki ba. Mutum yana gina ɗaki guda idan ya samu, ya ƙara wani bayan aikin Hajji, har gida ya tsaya a tsawon shekaru, kaji da tantabaru suna kan rufi. Haka unguwanninmu na Makka irin su Titin Mansur da Tandabawi da Hindawiyya suka ginu. Faɗaɗa Harami da sababbin hanyoyi, sannan rusau ɗin da aka fara a tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, sun fitar da iyalai da yawa zuwa bayan gari, kuma waɗanda ke da takardar zama ɗan ƙasa a cikinmu suka nufi bankuna. Hakan ya zo daidai da manufar gwamnati ta ɗaga yawan iyalan da suka mallaki gidajensu daga 47 cikin 100 a 2016 zuwa 70 cikin 100 nan da 2030. An kafa dokokin bashin gida a 2012, aka buɗe Sakani, shirin gwamnati na taimaka wa 'yan ƙasa mallakar gida, a 2017, kuma kuɗin da ɗan ƙasa mai sayen gidan farko zai fara ajiyewa daga aljihunsa ya sauko daga 30 cikin 100 na farashi zuwa 10 cikin 100 a 2018. Ta haka ne tsararrakina muka zama na farko a danginmu da suka sa hannu a takardar da za ta ɗaure albashinsu shekara 20 ko 25, alhali iyayenmu sun tarbiyyantar da mu a kan cewa kwana da bashi abin kunya ne.

Yarjejeniyar da ake sa wa hannu iri biyu ce a mafi yawan lokuta. A murabaha banki yana sayen gidan, ya sayar maka da shi a kan farashi sananne wanda ya haɗa da ribarsa, a rubuta gidan da sunanka amma a jinginar da shi ga bankin har ka gama biya. A ijara kuwa gidan yana nan da sunan bankin, kai ɗan haya ne da alkawarin mallaka a ƙarshe, kuma a wasu yarjejeniyoyin kuɗin hayar yana hawa da sauka gwargwadon farashin da bankuna ke ranta wa juna kuɗi. Da yake riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, duk lokacin da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa namu ma sai ya bi shi, don haka waɗanda ke kan ijara mai canzawa sun ji a jikinsu a 2022 da 2023, lokacin da kuɗin ruwan Amurka ya tashi daga kusan sifili ya haura 5 cikin 100.

Bari in kawo misali da lambobin da kowa zai iya gwadawa a wayarsa, ba lambobin bashina ba. A ce mutum ya karɓi riyal 500,000 na shekara 20, a kan ribar 6 cikin 100 a shekara da ake lissafawa a kan abin da ya rage na uwar kuɗi. Zai riƙa biyan kimanin riyal 3,580 kowane wata, kuma idan ya kai ƙarshe zai tarar ya biya kusan riyal 860,000, wato ribar banki ta tasam ma 360,000. A watan farko, riyal 2,500 daga cikin abin da aka cire masa riba ce zalla, abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai 1,100 ba. Wannan shi ne dalilin da mutum zai shekara biyar yana biya, ya nemi takardar lissafi, ya ga bashin kamar bai motsa ba. Shi ne kuma dalilin da lokacin biyan ƙari ya fi yawan ƙarin muhimmanci: riyal 10,000 da aka zuba a kan uwar kuɗi a ƙarshen shekara ta biyu, idan aka bar biyan wata yadda yake aka rage tsawon wa'adi, za ta share kusan wata takwas daga ƙarshen bashin, ta tsirar da abin da ya kai riyal 18,000 na riba, alhali irin wannan 10,000 ɗin a ƙarshen shekara ta 17 ba za ta tsirar da riyal 2,000 ba. Akwai kuma wani abu da ke ruɗar mutane a wajen sa hannu. Ma'aikacin banki zai iya cewa ribar 3.6 ce cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba, domin idan aka raba 360,000 gida 20 aka gwada da 500,000 abin da za a samu ke nan, amma wannan bashin shi ne dai mai 6 cikin 100 idan aka bi ainihin lissafin shekara. Babban Bankin Saudiyya ya wajabta a rubuta wannan lamba ta biyu a cikin yarjejeniya, kuma ita ce ya kamata a kwatanta tsakanin banki da banki.

Dokar ƙasar nan ta ba mai bashi damar ya biya ragowar kafin wa'adi ba tare da an ɗora masa ribar shekarun da suka rage ba. Abin da banki zai iya nema shi ne diyyar da ba ta wuce ribar wata uku masu zuwa ba, da kuɗaɗen da ya riga ya biya wa wani a madadinka waɗanda ba za su dawo ba. A misalin da na kawo, wanda ya sauke bashin gaba ɗaya a ƙarshen shekara ta biyu diyyarsa ba za ta wuce kimanin riyal 7,000 ba. An kuma yarda yarjejeniyar bashin gida ta hana biyan gaggawa na wani lokaci da bai wuce shekara biyu daga ranar sa hannu ba. Wanda zai zuba wani ɓangare kawai, ya nemi a rubuta masa ƙarara ko wa'adi za a rage ko biyan wata, kuma ya karɓi sabon jadawali a hannunsa, domin kuɗin da aka tura asusu ba tare da wannan bayani ba suna iya zama kawai biyan watanni masu zuwa tun kafin lokacinsu, wanda ba ya rage komai daga riba.

Na san wasu malamanmu a gida za su ɗaga gira a nan, kuma suna da hujja. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji cewa ba ya halatta a rage bashi domin a gaggauta biyansa, kuma wannan shi ne ra'ayin Malikiyya da jumhurin malamai. Sai dai an ruwaito halaccinsa daga Ibn Abbas, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka zaɓi wannan ra'ayi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa ragin ya halatta matuƙar ba a sharɗanta shi tun farko ba kuma babu mutum na uku da ya shiga tsakanin mai bi da wanda ake bi. Ni ba malami ba ne, kuma na kawo wannan ne domin na ga dattijan da suka ƙi karɓar ragin da doka ta ba su saboda tsoron Allah, ba tare da kowa ya gaya musu cewa mas'alar akwai saɓani a cikinta ba. Ya kamata su ji ɓangarorin biyu daga bakin malamin da suka amince da shi kafin su yanke.

Ba kowa ne ma gaggawar za ta amfana ba. Wanda ya shiga tsohon tsarin bashin da Asusun Raya Gidaje na Saudiyya ke tallafawa, inda gwamnati ke mayar masa da ribar riyal 500,000 na farko kowane wata idan albashinsa bai wuce 14,000 ba, ba shi ne ke ɗauke da ribar ba, don haka idan ya takura iyalinsa ya sauke bashin da wuri, abin da ya tsirar kaɗan ne. Wanda ba shi da ajiyar da za ta riƙe gida wata uku ko shida shi ma bai kamata ya zuba duk abin da ya samu a bango ba, saboda kuɗin da suka shiga bashin gida ba sa fitowa ranar da mota ta mutu ko aka kira daga asibiti, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na ga wanda ya zuba ajiyarsa duka a bashin gida mai riba kaɗan, bayan 'yan watanni ya koma ya ci bashin katin banki mai riba ninkin-ba-ninki. Hadisin da ke cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa shi ne ke hana yawancinmu barci, kuma ya cancanci ya hana. Amma yarjejeniyoyin bashin gida da ake sa wa hannu yanzu suna ɗauke da sharaɗin yafe ragowar idan mai bashi ya rasu ko ya nakasa gaba ɗaya, tare da wasu togace-togace da ya wajaba mutum ya karanta da idonsa, musamman abin da ya shafi bayyana rashin lafiya tun farko. Ga masu karatu a Najeriya kuwa lissafin ya juye. Wanda ya samu bashin Asusun Gidaje na Ƙasa a kan 6 cikin 100, a shekarar da hauhawar farashi ta haura 30 cikin 100 kamar 2024, naira ce ke narkar masa da bashin yana zaune. A nan farashi ba ya gudu haka, riyal ɗin da ka ci shi za ka biya, shi ya sa biyan gaggawa ke da ma'ana a wurinmu fiye da can.

To ina kaji a cikin wannan lissafi? Kazar da ke ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, abincin da ke buƙatar furotin 16 zuwa 18 cikin 100 da isasshen sinadarin kalsiyam domin ɓawon ƙwai ya yi ƙarfi. Kaji goma ke nan za su ci fiye da kilo 30 a wata. A ƙauyen ƙasar Hausa wannan ba abin damuwa ba ne, saboda akwai dusa da tsaki daga surfe da niƙa, akwai gara da fara, kaza tana fita da safe ta yi kiwonta ta dawo da magariba. A bayan gidan siminti a Wadi Fatima babu turmi, babu juji, babu rumbu, duk ƙwayar da kaza za ta tsattsaga daga buhu ta fito, kuma masara da waken suya da ke cikin buhun a jirgin ruwa suka iso ƙasar. Da farashin hatsi ya tashi a duniya a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, mai kaji goma ya ji shi kamar yadda mai kaji dubu ɗari ya ji, sai dai shi mai dubu ɗari yana saye da tan. Ragowar shinkafa da burodi da ganyen kayan miya suna rage wani abu, amma kazar da aka tsare a kan shinkafa kaɗai ƙiba za ta yi ta daina ƙwai.

Sannan ga zafi. Jikin kaza yana kan digiri 41, ba ta gumi, hanyar da take sanyaya kanta ita ce buɗe baki tana haki da sakin fukafukai. Da zarar zafin waje ya haura digiri 30 za ta fara rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, kuma a yankin Makka zafin bazara yana haura 45. Daga Mayu zuwa Satumba aikin mai kaji shi ne ya hana su mutuwa: inuwa mai rufi biyu, fanka, yayyafa ruwa a ƙasa da rana tsaka, sauya ruwan sha sau da yawa har da jefa ƙanƙara, da mayar da ciyarwa zuwa asuba da bayan la'asar. Wutar fankar da ruwan duk a takardar biyan wata suke fitowa. Kajin gona masu ƙwai kusan 300 a shekara su ne suka fi saurin faɗuwa a wannan yanayi, shi ya sa yawancinmu muke ajiye na baladi, wato kajin gida, ko Fayumi ta Masar, waɗanda ke jure zafi amma ƙwansu bai kai rabin na gona ba ko ya ɗan haura rabi, kuma ta baladi da zarar ta tara ƙwai sai ta nemi kwanci, ta kwana 21 a kai, ta ƙara makonni tana jan 'yan tsaki ba ta saka ko ɗaya ba.

A ce kaji goman nan sun ba da ƙwai biyar a rana a lokacin sanyi, wato 150 a wata, kuma a ce an sayar da kowane ɗaya riyal guda saboda mutane suna son ƙwan baladi. Riyal 150 ke nan kafin a cire abinci da rigakafi da wuta, a gidan da banki ke cire 3,580. Ko da ba a cire komai ba, bai kai kashi biyar cikin ɗari na biyan wata ba, kuma rabin shekara ba a samun hakan. Ƙasar nan ta wadatu da ƙwan da manyan gonakinta ke fitarwa, faranti mai 30 yana kowane kanti a farashin da mai akurki ba zai iya karawa da shi ba. Wanda ya ce to a ƙara yawan kajin zuwa ɗari, ya shiga wata sana'a dabam mai buƙatar fili da izini da jari, kuma ya shiga rigima da maƙwabta a kan wari da ƙuda da caran zakara tun kafin kiran assalatu. Baladiyya, wato hukumar gari, tana karɓar irin wannan ƙorafi, kuma abin da aka kau da kai a kansa a gefen gari ba za a kau da kai ba a tsakiyar unguwa ko a kan rufin bene mai hawa-hawa, don haka mutum ya tambaya kafin ya kafa akurki. Ga kuma ciwo. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda annobar kaji ke share akurki cikin 'yan kwanaki idan ba a yi rigakafi ba, kuma masu kiwo a nan ba su manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a kasuwar Aziziyya ta Riyad a Disambar 2017 ba. Sabuwar kaza daga kasuwa sai an ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida, abin da mutane ƙalilan ke yi.

Duk da haka ban ce a watsar da kaji ba, mu ma ba mu watsar ba. Yara suna karya kumallo da ƙwan da suka ɗauko da hannunsu, ragowar abinci ba ya tafiya shara, kashinsu yana zuwa gindin lemun tsami da zogale, idan baƙo ya sauka akwai zakaran yankawa, kuma Hajiya mahaifiyata, wadda ta girma a gidan da ba a raba shi da kukan kaji, tana samun abin da za ta fito tsakar gida dominsa. Waɗannan dalilai sun isa a ajiye kaji, amma ba su da alaƙa da banki. Abin da na ga yana rage bashin gida a zahiri shi ne kuɗi mai kauri da ya shigo lokaci guda a shekarun farko: kwasar adashi, wanda a nan ake ce wa jam'iyya, da ladan aikin wucin gadi na lokacin Hajji da Ramadan, da kuɗin da ake biyan bashin mota idan ya ƙare aka ci gaba da ware shi kamar bai ƙare ba, da haƙura da tafiyar hutu shekara ɗaya ko biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A gidajenmu, a nan da can gida, kaji na mace ne. Ita ke sayen 'yan tsaki da kuɗinta ko a ba ta kyauta daga gidansu, ita ke tashi ta sauya ruwa, ita ke gane wadda ta yi sanyi tun kafin ta faɗi, ita ke sayar da ƙwai ga maƙwabta. Idan mai ba da shawara ya ce magidanci ya yi kiwon kaji ya biya bashi, abin da zai faru a aikace shi ne mace ta yi kiwon, kuɗin su tafi cikin gidan da sunan miji kaɗai ke kan takardarsa. Za a ce ai yanzu na gama nuna cewa kuɗin ba su taka kara sun karya ba, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Ƙanƙantarsu ce ke sa ba a rubuta su, kuma da zarar an saba karɓar riyal ɗari ba rubutu, haka za a karɓi kwasar jam'iyyarta ba rubutu, haka za ta sayar da awarwaronta na zinariya ba rubutu, haka albashinta zai bi idan malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, duk da sunan ai gidanmu ne gaba ɗaya. Ranar da maigida ya rasu, gidan ya zama gado, rabonta tumuni ne idan akwai 'ya'ya, kuma idan akwai kishiya su raba tumunin. Ranar da aure ya mutu kuwa, da akwatinta za ta fita. Na san gidaje a Makka da Jidda inda hakan ta faru, matan da suka zuba shekarunsu a bango suka koma ɗakin ɗan'uwa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a gaban alƙali, kawai dai babu takarda.

Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwurwurta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwurwurta. Muhalli yana cikin abin da ya wajaba a kan miji, kuma dokar iyali da Saudiyya ta fitar a 2022 ta nanata cewa ciyar da mace yana kan mijinta ko da mawadaciya ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi, kuma a cikinta aka ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ban ga inda aka togace miji da mata ba. A Maroko, ƙasar Malikiyya irin ƙasar Hausa, sashe na 49 na dokar iyali ta 2004 ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya dabam a kan dukiyar da suka tara a zaman aure. Idan mace ta ba da kuɗinta kyauta da daɗin rai, halal ne ga miji, amma kyautar da aka karɓa daga wadda kunya ta hana ta cewa a'a abin dubawa ce, kuma mu mun san irin tarbiyyar da aka yi wa matanmu a kan musu da maigida.

Lokacin da na fara tara abin da zan zuba a kan uwar kuɗi, uwargida ta kawo mini wata gwangwanin madara da kuɗin ƙwai a ciki, ta ce, "Malam, a haɗa da wannan, ko ba yawa." Na ce mata, "Maman yara, zan karɓa idan kin yarda a rubuta." Ta yi dariya ta ce ita ba banki ba ce, amma Hajiya da ke zaune a gefe ta ce a rubuta ɗin, ita ta ga abin da ta gani a zamaninta. Tsarin da muka tsaya a kai shi ne ni ke sayen buhun abinci, ƙwan da aka ci a gida ya tsaya a madadinsa, abin da ta sayar nata ne, kuma duk abin da ta sa a cikin bashin gida, daga gwangwani ko daga jam'iyya, yana shiga littafi da kwanan wata da sa hannuna, a matsayin bashin da take bi na. 'Yan'uwana biyu maza sun san da littafin. Idan adadin ya yi kauri, ana iya zuwa wurin katibul adli, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, a mayar da shi iƙirarin bashi na hukuma, ko a sa mata kaso a takardar gidan bayan an warware jingina.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan marubutanku za su sake ba da wannan shawara, su zo da farashin buhun abinci a garin da suke magana a kai, da yawan ƙwan da kazar gida ke yi a watan zafi, da abin da banki ke cirewa a wata, sannan su faɗi sunan wa ke kan takardar gidan. Zan kuma so jaridarku ta gayyaci wani malamin fiƙihu da wani ma'aikacin bankin Musulunci su yi wa masu karatu bayanin hukuncin ragi saboda biyan gaggawa, da yadda ake rubuta gudummawar mace a cikin gidan aure a kotunan shari'a na jihohin Arewa, domin 'yan'uwanmu a Kano da Sakkwato da Gusau sun fara shiga irin bashin da muka riga su shiga.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Jumum, Saudiyya